Hoton Wasan Mawaƙa ko Hoton Biki: Ina Za Ka Zuba Jarinka?

Bayan Sallar da ta wuce wani yaro da ke koyon aiki a hannuna ya same ni da tambayar da na san duk mai riƙe kyamara a ƙasar nan ya taɓa yi wa kansa. Shekara biyu yana ɗaukar mini jaka yana riƙe fitila, ya tara ɗan abin da ya tara, yanzu yana so ya sayi kayansa ya tsaya da ƙafarsa. Sai dai zuciyarsa ta rabu biyu. Ya je wasan Sallah na wasu mawaƙa, ya ga masu hoto a gindin dandamali da kati rataye a wuya, washegari hotunansu suka cika Instagram, sai ya ji a ransa nan ne wurinsa. Amma kuma ya san da kuɗin biki nake biyan hayar shago. Ya ce mini, "Oga, wanne zan kama?" Na yi duka biyun, don haka ga abin da na faɗa masa, da abin da ban samu sukunin faɗa masa ba a ranar.

Da haske za mu fara, domin daga nan sauran bambance-bambancen suka taso. A biki haske a hannunka yake. Ka zo da filasharka, ka kafa lema, ka ce wa amarya ta ɗan juyo ta ɗaga haɓa, ka ɗauka, ka duba, in bai yi ba ka sake. A wasan mawaƙa kuwa wani ne can a bayan taro, zaune gaban na'urar fitilu, yake yanke launin da zai sauka a fuskar mawaƙi, kuma ba domin kai yake yi ba. Yanzu ja, kafin ka saita ya koma shuɗi, sai hayaƙi ya turnuƙe, sai wata fitila daga bayan mawaƙin ta dallaro maka ido.

Ba na mantawa da daren farko da na yi wannan aiki. Mai fitilun ya saki jan haske kusan rabin wasan. A ɗan allon bayan kyamara hotunan sun yi mini kyau. Da na buɗe su a kwamfuta da asuba sai na tarar fuskar mawaƙin ta zama jan faifai, ba tudun hanci, ba ramin ido, sai farin haƙori kawai. Jan haske mai ƙarfi yana cika ma'aunin ja na kyamara har ya tumbatsa, kuma abin da ya tumbatsa ba ya dawowa. Daga ranar na koyi abu uku: in auna haske a kan fuska kaɗai, ba a kan dandamali gaba ɗaya ba, in rage hasken kaɗan ƙasa da abin da kyamara ta nema, in riƙa ɗauka da tsarin RAW, wanda ke ba ka damar gyara launi daga baya. Sannan na koyi jira. Mai fitilu yakan bi kiɗa, in ka saurara za ka gane cewa a amshi ne yakan buɗe farin haske, sai ka ajiye yatsanka har lokacin ya zo.

Wannan rashin iko da haske shi ke sa kayan aikin su bambanta, kuma a nan ne aljihu ke shigowa. Mawaƙi ba ya tsayawa wuri ɗaya. In kana so ka tsayar da shi cak ba tare da hoton ya yi dishi-dishi ba, sai ƙiftawar kyamara ta kai 1/250 na daƙiƙa, in mai rawa ne ko makaɗin da hannunsa ke gudu sai ka kai 1/500. Ƙiftawa mai sauri haka ba ta barin haske mai yawa ya shiga, don haka dole bakin gilashin gaba, wanda muke kira lens, ya buɗe sosai, f/2.8 ko f/1.8 (ƙaramar lamba na nufin buɗi mai faɗi), sannan ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, zuwa 3200 ko 6400. Gilashin nan na 18-55 da ake haɗowa da ƙananan kyamarori, in ka zuƙo shi zuwa ƙarshe a f/5.6 yake tsayawa, wato kashi ɗaya cikin huɗu na hasken da f/2.8 ke shigarwa. A biki ba za ka ji wannan ba, filasha ta rufe maka asiri. A wasa da dare kuwa shi ne bambanci tsakanin hoton da za a saya da wanda za a goge.

Saboda haka mai son wasan mawaƙa kuɗinsa a gilashi yake tafiya. Gilasan aikinsa biyu ne, 24-70 f/2.8 na kusa da 70-200 f/2.8 na nesa. Na biyun nauyinsa ya kai kusan kilo ɗaya da rabi, kuma ko na hannu ka samu sau da yawa ya fi tsohuwar kyamarar da za ka ɗaura shi a kai tsada. Yana kuma bukatar kyamara mai babban sensa (ɗan faifan cikin kyamara da haske ke sauka a kansa ya zama hoto), wadda ba ta cika hoto da tsaki-tsaki in an ɗaga ISO. Mai biki shi kuma zai iya fara aiki mai kyau da matsakaiciyar kyamara, da 50mm f/1.8 wanda yana cikin mafi arha a gilasan Canon da Nikon, da filashar Godox ɗaya ko biyu da lema. Fitila ta fi gilashi arha nesa ba kusa ba. Abu ɗaya ne ban yarda mai biki ya yi sakaci da shi ba: ramin memori biyu. Canon 6D ta 2012 tana gani a duhu sosai, amma raminta ɗaya. Canon 5D Mark III ta 2012, da Nikon D750 ta 2014, da Sony A7 III ta 2018 duk suna da biyu, suna rubuta hoto ɗaya a katuna biyu lokaci guda. Na taɓa ganin abokin aiki zaune a shago ya haɗa kai da gwiwa, memorinsa ya ƙi buɗewa, hotunan ɗaurin aure da na kamu duk suna ciki. Wasan mawaƙi in ya ɓace maka akwai wasu masu hoto goma a wurin, kuma zai sake wani wasan. Ɗaurin aure sau ɗaya ne.

Akwai haɗura biyu na kaya da mai biki bai cika haɗuwa da su ba. Fitilun LED na dandamali suna ƙyaftawa da saurin da ido ba ya gani, in ka sa kyamara a tsarin ɗauka shiru sai ka ga layuka sun ratsa hoton kamar tabarma. Maganinsa ka koma ƙiftawar inji mai ƙara, ai ba wanda zai ji ta a cikin wannan kiɗan. Na biyu hasken leza. In ya shiga gilashi kai tsaye yana iya ƙona sensa ya bar ɗigo ko layi na dindindin. Da ka ga ya fara yawo a kan mutane, sunkuyar da bakin kyamara ƙasa.

Yanzu maganar da ta fi damun yaron ko da bai furta ba: wa zai biya?

A biki amsar a fili take. Akwai ango, ko uwar amarya, ko yayarta da ta riƙe hidimar. An yi ciniki, an ba ka kafin alƙalami, ka san ranar ciko. Kuma biki ɗaya ba aiki ɗaya ba ne. Akwai hoton kafin biki, sa lalle, kamu, ɗaurin aure, wuni, dina, wani gidan har buɗar kai. Bayan nan ga albam, ga babban hoton bango. Mafi girman ribar ma ba a ranar take ba. Ƙawayen amaryar nan da suka jeru cikin anko su ne amaren baɗi, in ka fito da su da kyau lambarka na cikin wayoyinsu. Biki ɗaya mai kyau yakan haifi uku.

A wasan mawaƙa ƙofa uku ce, kuma ba ɗaya suke ba. Ko mai shirya wasa ya ɗauke ka, ko mawaƙin da kansa, ko ka shiga da sunan wata jarida ko shafi. Mai shirya wasa kuɗinsa a ƙofa yake, in tikiti bai sayu ba mai hoto ne na ƙarshe a layin biya, bayan mawaƙi da masu sifika da mai janareta da 'yan tsaro. Na sha wannan. Wani mai shirya wasa ya kira ni, muka yi magana ta baki, na yi tsaye daga magariba har ƙarfe biyu na dare, na kwana ina gyara, na tura masa hotunan kafin hantsi domin ya ce yana sauri. Da na nemi haƙƙina sai ya ce ƙofa ba ta kawo ba, in yi haƙuri sai wasa na gaba. Wata uku bayan nan na ga hotona a jikin allon tallan wasan na gaba, an yanke sunana daga ƙasa. Kuɗin ba su ne suka fi ci mini rai ba, yanke sunan ne.

Ƙofar mawaƙi ta fi kyau, in ka dace da mai mutunci. Kana shiga bayan dandamali, ka ɗauke shi yana addu'a da yaransa kafin ya hau, ka tsaya bayan makaɗa ka ɗauko bayansa da dubban fitilun waya a gabansa, hoton da wanda ke ƙasa ba zai taɓa samu ba. In yana yawo za ka ga gari: Kaduna, Jos, Abuja, ka tsallaka Maraɗi da Damagaram da Yamai, wani lokaci har zangon Kumasi. Matsalar ita ce da yawa sun saba biyan mai hoto da "za mu sa sunanka", kamar sunan zai sayi batir. Akwai kuma yaran da za su yi aikin kyauta don dai a gan su kusa da tauraro, su ne ke karya farashi. Ƙofa ta uku, ta jarida ko shafi, takan ba ka katin shiga da suna, amma da wuya ta ba ka abin cefane.

Akwai wata hanyar kuɗi a wasa da yara ba sa lura da ita, alhali tsohuwa ce. Malick Sidibé, mai hoto na Bamako, wanda aka ba shi lambar yabo ta Zakin Zinariya a bikin baje kolin fasaha na Venice a 2007, sunansa ya fito ne daga hotunan raye-rayen dare na samari da 'yan mata a shekarun 1960. Yakan zaga wuraren casu da dare, ya koma ya wanke, ya jera ƙananan hotunan a cikin fayil, masu rawar su zo shagonsa su zaɓi nasu su saya. Philippe Koudjina ma a Yamai da irin wannan hoton dare aka san shi. Wato kuɗin daga 'yan kallo ya fito, ba daga kan dandamali ba. Har yau haka ne. Mutanen da suka sayi teburin gaba, suka sha ado, suna so a gan su. Ka ɗauke su da kyau, ka karɓi lamba, ka tura ta WhatsApp kafin su kwanta. Na sha samun abin da ya fi na mai shirya wasa ta wannan hanyar. Sai dai ka yi hattara da hoton liƙi: sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira da taka ta, kuma an ga ana gurfanar da mutane a kan haka. Kada ka saka wa mutum irin wannan hoton a intanet ba da saninsa ba.

Lokaci ma ba ɗaya ba ne. Wasan mawaƙa a Arewa na yanayi ne: ƙaramar Sallah, babbar Sallah, ƙarshen shekara, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Biki kuwa in ka cire azumi kusan kowane ƙarshen mako akwai shi, ya kuma yi yawa a Sha'aban da bayan Sallah da Disamba. Ka lura, ranakun da wasa ke da yawa su ne ranakun da biki ke da tsada. Duk daren da ka ba wasa a makon Sallah, wata dina ka bari. A Legas lissafin ya ɗan bambanta, domin wasanni sun fi yawa, ga Felabration, bikin tunawa da mawaƙi Fela Kuti, da ake yi kowane Oktoba a New Afrika Shrine da ke Ikeja, ga Disamba da kusan kowane dare akwai wani babban wasa. Wanda ke zaune can zai iya gina sana'a a kan dandamali fiye da wanda ke Katsina ko Gusau.

A manyan wasannin Turai da Amurka akwai ƙa'idar da aka daɗe ana bi: waƙa uku ta farko, ba filasha, sannan a fitar da masu hoto daga ramin gaban dandamali. Kusan minti goma zuwa sha biyar ke nan, a ciki za ka samo duk abin da ka zo nema. A namu wasannin sau da yawa ba wannan iyaka, kana iya ɗauka har a tashi, amma ramin ma babu. Kana cikin masu ɗaga waya, ga masu hawa liƙi sun tare mawaƙin, ga ɗan tsaron da bai san katin wuyanka ba. Ni dai na riƙe rabin ƙa'idar ko ba a sa ni ba: ba na kunna filasha a wasa. Tana kashe launin fitilun da su ne ruhin hoton, tana kuma damun mai waƙa.

Sai haƙƙin mallaka, wanda a nan ne aka fi cutar masu hoto, kuma ba a ƙasarmu kaɗai ba. A Yunin 2015, bayan mawaƙiyar Amurka Taylor Swift ta rubuta wa kamfanin Apple wasiƙa kan rashin biyan mawaƙa a watanni ukun gwajin kyauta na manhajar kiɗansa, wani mai hoto ɗan Birtaniya, Jason Sheldon, ya mayar mata da martani cewa takardar da ake sa masu hoto su sa wa hannu a wasanninta tana ba su damar amfani da hoton sau ɗaya kawai, ita kuma ɓangarenta ya yi ta amfani da shi kyauta. Jaridar Irish Times ta ƙi tura mai hoto wasanta na Dublin, kuma a watan Yuli aka sassauta takardar. A shekarar ce jaridar Le Soleil ta Quebec a Kanada ta ƙi amincewa da sharuɗɗan ƙungiyar mawaƙa ta Foo Fighters, ta tura mai zane a madadin mai hoto. A Najeriya, dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, ta ce haƙƙin aiki na wanda ya yi shi ne tun farko, sai in yarjejeniya ta ce akasin haka. Ke nan don mawaƙi ne a cikin hoton bai sa hoton ya zama nasa ba. Amma dokar ta ba wanda ya ɗauke ka hoton hidimar gidansa, irin biki, ikon hana ka yaɗa hotunansa. Wannan ya dace da al'adarmu tun kafin doka. Hoton mawaƙi an yi shi ne don duniya ta gani, shi ne tallarka. Hoton amarya amana ce, gidaje da yawa ba sa son ganin 'yarsu a shafin kowa, kuma mai hoton da ya saka ba izini ya rufe wa kansa ƙofar dangi guda.

Jiki ma yana biyan nasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'auni a 2022 cewa ƙarar wurin wasa kada ta wuce desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) 100 a matsakaicin minti goma sha biyar. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka tana lissafin cewa kunne zai iya ɗaukar desibel 85 na awa takwas, amma a 100 minti goma sha biyar ne kawai. Mai hoto kuwa a gindin sifika yake tsayawa na awa huɗu ko biyar. Ƙarar nan da kake ji tana "wiii" a kunne bayan ka koma gida gargaɗi ce, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Matoshin kunne bai kai kuɗin memori ɗaya ba, ka sa shi a jaka kafin batir. Ga turereniya, ga masu yankan aljihu, ga komawa gida ƙarfe uku na dare da kayan da ka shekara kana tarawa. Biki wahalarsa daban ce: tsayuwar yini, jiran amarya awa uku, sannan makonni na gyara, da masu cewa a ƙara musu haske har fatar ta daina kama da tasu. Hoton wasa in ya kwana biyu ya huce, dole ka fitar da ashirin ko talatin masu kyau kafin gari ya waye, amma da ka tura ka gama.

In mace ce ke karanta wannan, ƙanwata, lissafinki ya fi sauƙi. A biki kina da abin da namiji ba shi da shi: kina shiga ɗakin amarya ana mata kwalliya, kina shiga sa lalle da wunin mata a cikin gida, kuma gidajen da ke neman mace mai hoto suna ƙaruwa. Wasan dare kuma kin san maganar da zai jawo a gida. Ban ce ba za ki iya ba, amma kasuwar da ke jiranki a biki ta fi girma.

Abin da na ce wa yaron shi ne ya sa biki ya zama gindi, ya sayi kyamara mai babban sensa da ramin memori biyu ko da ta hannu ce, da 50mm f/1.8, da filasha ɗaya. Wannan kayan zai yi masa biki gobe, kuma zai yi masa wasa in ya samu kusa da dandamali. Makarantar wasan ma tana cikin bikin: a dina da yawa ana gayyato mawaƙi, ga fitilu masu launi, ga hayaƙi, ga liƙi. Da mawaƙin ya karɓi makirufo, ya kashe filasha ya ɗaga ISO ya gwada hannunsa, an riga an biya shi kuɗin daren. Ranar babban wasa ya yi hayar 70-200 ko ya ara, kada ya saya sai wasan da kansa ya fara biyan kuɗinsa. Wanda zan ce ya kama wasa gadan-gadan shi ne mai wani albashi a gefe, ko mazaunin Legas ko Abuja, ko wanda mawaƙi mai yawo ya ɗauka da magana a rubuce.

Rubutun ba sai an je wurin lauya ba. Saƙon WhatsApp ya isa, in dai ya ƙunshi nawa ne, rabi kafin wasa, hoto nawa za ka bayar da ranar bayarwa, da inda aka yarda a yi amfani da su: shafin mawaƙi da sunanka a jiki, amma allon talla ko bangon faifan waƙa ciniki ne dabam. Yaron ya samu D750 ta hannu. Manajan wani mawaƙi ya kira shi wasan ƙarshen shekara, ya tura masa irin wannan saƙon, manajan ya yi kwana biyu bai amsa ba, a na uku ya turo rabin kuɗin.